Minti Biyar a Saman Kogin Yangtze

Kun sha tambayata a ƙasan hotunan da nake sakawa, wai me ya sa ni da nake kai mutane wuraren nishaɗi ba a taɓa ganin haƙorana a hoto ba. Yau zan faɗa muku. Ba don na yi jarumta ba, sai don abin ya cika mini ciki, kuma a gidanmu babu wanda zan amayar wa.

Sunana Ran Yutong, shekarata ashirin da tara, haifaffiyar Chongqing. Aikina zagayawa da baƙi. Shekara bakwai ke nan ina ɗaga 'yar tuta ruwan ɗorawa, mutum talatin suna bin bayana, ina cewa, "Jama'a a kula da matakala, a biyo tuta." Ko daga barci aka tashe ni zan jero muku wurare goma da baƙo ba ya barin garin nan bai gani ba, da inda za a tsaya hoto ya yi kyau, da inda banɗaki yake.

Abin da ban iya faɗa ba shi ne wannan: shekara biyu da suka wuce aka samu ƙari a cikina, likitoci suka ce ko shi ko ni. Aka cire ƙarin, aka haɗa da mahaifata. Saurayin da muka yi shekara biyar tare ya zo asibiti da kwandon lemo, ya zauna minti ashirin yana kallon takalminsa, bayan sati uku ya turo mini saƙo mai layi huɗu. Dangi kuwa Mama ta gaya musu ciwon hanji ne. Har yau haka suka sani.

Sai ga Dai Wenkai.

Wata ƙawar Mama ce ta haɗa mu. Injiniya ne mai duba lafiyar gadoji, ɗan Jilin can arewa, aiki ya kawo shi garinmu. Na je haɗuwar ne kawai don a shafa mini lafiya a gida. Da gangan na kai shi inda romonsu ya fi ko'ina barkono, na ce idan ya ƙone harshe zai gudu da ƙafarsa. Ya ci, ya yi gumi, hawaye na zuba, hanci na zuba, tabarau ya yi hazo, yana cewa, "Lafiya lau, ai bai kai yadda ake faɗa ba." Na yi dariya har na ƙware. Rabona da irin wannan dariyar tun kafin asibiti.

Wata huɗu ke nan yanzu. Kuma masifar ita ce ina son shi.

Yau Asabar mahaifiyarsa ta ce a zaga da ita gari. Jiya ta sauka daga Jilin, musamman don ta gan ni.

Da safe ina cikin ɗaure igiyar takalmin aikina Mama ta shigo ɗakina da riga a hannu, ja ce mai dogon wuya da maɓallan zare, wadda ta ɗinka mini tun lokacin wancan saurayin.

"Cire wannan tsummar. Wannan za ki sa."

"Mama, yawo za mu yi fa, ba biki ba. Matakala nawa zan hau da wannan?"

"Ki hau dubu ma. Uwar miji za ki gani, ba masu bin tuta ba." Ta zuge mini zip ɗin baya da ƙarfi, ta juyo da ni, ta gyara mini gashi. Sai ta rage murya, ta kira ni da sunan da take kirana tun ina ƙarama. "Tongtong, maganar nan. Ko da wasa."

"Har yaushe?"

"Har sai an sa hannu a takardar aure. Bayan nan a yi shekara biyu, uku, a ce ba a dace ba. Mata nawa ne haka?"

"Shi kaɗai gare ta, Mama. Mijinta ya rasu, ba ta da kowa sai shi."

"Ni ma ke kaɗai gare ni."

Ta faɗe shi ba tsawa, ba hawaye, tana cire mini wani zare a kafaɗa. Da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Baba yana baranda yana ba tukwanen barkononsa ruwa, ya ji komai. Da za mu fita ya miƙo mini lema, ya ce, "Za a yi yayyafi." Iyakar abin da ya ce ke nan. Haka Baba yake tun da aka sallamo ni.

Muna saukowa daga hawa na tara wayata ta yi ƙara. Wenkai ne.

"Tsohuwa ta tashi tun ƙarfe biyar, ta canja riga sau uku. Ta ce in tambaye ki ko kina ƙin mata masu surutu."

Na rubuta, "Ka ce mata sana'ata ke nan."

Ya turo fuskar dariya guda uku.

A tashar Liziba muka haɗu, inda jirgin ƙasa ke ratsa tsakiyar bene ya fita ta ɗaya gefen. Garin ya tashi da hazo, kogin Jialing ko ganinsa ba a yi sosai. Tun daga nesa na hango ta: gajeruwa, mai jiki, cikin koriyar rigar sanyi da ta fi ƙarfin sanyinmu, rungume da jaka kamar za a ƙwace. Sunanta Kang Shulan, ni kuma na kira ta Goggo.

Ku yarda da ni, na kwana ina fatan ta zama muguwa. Na so ta kalle ni sama da ƙasa, ta taɓe baki, ta tambayi albashina. Da na samu dalilin da zan ƙi ta, in yi mata ƙarya hankali kwance.

Ai kafin in gama gaisuwa ta kama hannuwana biyu.

"Kai, wannan hannu sanyi ƙalau! Wenkai, haka kake barin yarinya ba safar hannu? Babban banza. Zo nan 'yata, sa hannunki a aljihuna."

Ta buɗe jakar ta shiga ɗora wa Mama tsaraba: busasshen naman kaza, zuma, da kwalbar kabejin da ta jiƙa da kanta. Ana cikin haka jirgi ya taho ya shige cikin benen, ta kurma ihu har mutane suka juyo.

"Wayyo! Ya shiga gidan mutane! To su na ciki ba sa ciwon kai? Idan mutum ya shanya wando a taga fa?"

Bakina ya kama aikinsa da kansa. Na gaya mata hawa nawa benen yake, da yadda aka gina tashar da gidajen a tare, da dalilin da ya sa ƙarar ba ta damunsu. Tana ta gyaɗa kai tana zungurin ɗanta da gwiwar hannu. "Ka ji ilimi? Kai sai dai ka yi ta ƙwanƙwasa ƙarfe."

Daga nan muka wuce Ciqikou. Kun san yadda tsohuwar unguwar take ranar Asabar, kafaɗa na gugar kafaɗa, ƙamshin soyayyen cincin murɗaɗɗe, masu dakan barkono a turmi suna yi don a ɗauke su hoto. Goggo Kang ba ta saki hannuna ba. A hanya ta ba ni labarin yadda mijinta ya rasu Wenkai yana shekara tara, da yadda ta yi shekara ashirin da shida tana dafa abinci a makarantar firamare.

"Yara ɗari huɗu nake ciyarwa kullum," ta ce. "Da na yi ritaya gidan ya yi mini shiru, har da firji nake hira."

Sai ta tsaya cak a gaban wata rumfa. Takalman jarirai ne na yadi, jajaye, an yi musu fuskar damisa da 'yan kunnuwa. Ta ɗauki ƙafa ɗaya ta ɗora a tafin hannunta, bai ma cika shi ba.

"Mama," Wenkai ya ce, kunnuwansa sun yi ja.

"Me na yi? Ba gaggawa nake ba. Kyau kawai suka yi mini." Ta saya, ta naɗe su a hankici, ta cusa can ƙasan jaka.

Mamata ta yi dariya ta ce, "Ai Yutong da son yara, ba a magana."

Na juya na yi kamar ina duba taswira a waya. Taswirar unguwar da na shiga ya fi sau dubu.

Da rana muka ci abinci, tukunya a tsakiyar tebur, rabi ja wur, rabi fari saboda baƙi. Duk naman da ya nuna sai Goggo Kang ta tsamo ta sa a kwanona. "Ci, kin rame. Mace sai da ɗan jiki." Na ci. Ban ji ɗanɗanon komai ba, har barkonon.

Wajen ƙarfe uku muka isa tashar motar igiya, wadda ke rataye a sama tana tsallaka kogin Yangtze. Goggo Kang ta ɗaga kai ta ga akwatin yana lilo cikin hazo, ta ja da baya.

"A'a. Ni a kan ƙafata zan mutu, ba a rataye ba. Ku je ku yara. Ni da 'yar'uwata za mu sha shayi, akwai maganar manya."

Mama ta kalle ni. Kallon ya ce duk abin da ta faɗa da safe.

An cusa mu mu kusan hamsin. Wenkai ya kare ni da jikinsa har muka samu gefen taga. Ƙofa ta rufe, akwatin ya yi girgiza ya bar ƙasa. A bayanmu wata mai irin aikina tana faɗa wa mutanenta abin da ni ma nake faɗa kullum: ku duba hagu, ku duba dama, minti biyar ne kacal, ku shirya wayoyinku. Amma babu abin gani. Hazo ya shafe benaye, ya shafe gada, ya shafe ruwan kansa. Sai igiya kawai da ke shigewa cikin fari.

Ban shirya ba. Na rantse muku ban shirya ba. Wenkai ne ya sunkuyo ya ce, "Ta so ki. Ban taɓa ganin ta haka ba," sai na ji bakina ya buɗe.

"Wenkai, ba zan haihu ba."

Ya ɗan matso da kunnensa, yana zaton bai ji daidai ba.

"Ba ciwon hanji ba ne kamar yadda aka gaya maka. An cire mini mahaifa shekara biyu da suka wuce. Ba magani, ba wataƙila. Babu ita."

Akwatin ya yi wata 'yar girgiza, mutane suka yi ihun wasa. Shi bai motsa ba.

"Yana miki ciwo har yanzu?"

Na shirya wa zagi, na shirya wa shiru, ban shirya wa wannan ba. Hawaye suka ɓalle mini. Na girgiza kai.

"Wata huɗu, Yutong."

"Na sani."

"Me ya sa sai yau?"

"Takalman nan da ta saya."

Ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa, ya mayar, ya sake cirewa. Muka sauka a ɗaya gaɓar. Ya je bakin shinge ya tsaya, ya juya mini baya, yayyafi na sauka a kansa. Na tsaya da lemar Baba a hannu, na kasa buɗewa, na kasa zuwa wurinsa. Ya fi minti goma a haka. Da ya dawo tambaya ɗaya ya yi.

"Mamanki ta san za ki faɗa?"

"Cewa ta yi in yi shiru sai bayan aure."

Ya gyaɗa kai. "Mu koma, suna jira."

A dawowa bai kare ni da jikinsa ba. Wani mutum mai kyamara ya shiga tsakaninmu, Wenkai bai ce masa ya matsa ba.

Mun tarar da su a gidan shayi sun haɗa kai a kan kalandar waya, ɓawon 'ya'yan kabewa ya taru a gabansu. Goggo Kang ta washe baki.

"Ga su nan! Mun duba, bayan Sabuwar Shekara akwai rana mai kyau. Zauna nan kusa da ni, 'yata."

Ta naɗe hannun rigarta ta shiga murza wani abin hannu na koren dutse, tsoho, duk ya yi santsi. "Na uwar mijina ne. Ita ta sa mini, ni ma yau zan..."

"Mama, dakata."

Wenkai ne. Yana tsaye, bai zauna ba. Na runtse ido. Na ce shi ke nan, gara ma a yi a gama. Na ji farcen Mama ya nutse a cinyata ta ƙarƙashin tebur.

"Akwai abin da na ɓoye miki," ya ce. "Bara da aka yi mana gwajin lafiya a wurin aiki na je na ƙara wani. Likita ya ce ba zan iya haihuwa ba. Yanzu na gaya wa Yutong a hanya. Bai kamata a sa rana ba ku sani ba."

Na buɗe ido. Ba ni yake kallo ba, butar shayi yake kallo.

Goggo Kang ta daina murzawa. Abin hannun yana rabin tafinta, bai fita ba, bai koma ba. Matar da tun safe muryarta ke cika titi, da ta yi magana sai da na matso kafin na ji.

"Hangum ɗin nan ne."

"Mama..."

"Kana shekara goma sha huɗu. Kumatunka suka kumbura, zazzaɓi kwana shida, har ka kasa tafiya. Na bar ka a gida da ruwan zafi na tafi dafa wa 'ya'yan wasu abinci. Maƙwabciya ta ce in kai ka asibiti, na ce zai wuce." Ta dafe bakinta. "Ni ce. Ni na yi maka."

"Ba ke ba ce, Mama. Ba a san dalili ba."

Ba ta ji shi ba. Ta juyo gare ni, fuskar nan duk ta jiƙe, ta kama hannuwana kamar yadda ta yi da safe, sai dai yanzu nata ne suka yi sanyi.

"'Yata, ki yafe mana. Ban sani ba, da ban zo na sa ki a gaba ba. Ke yarinya ce, kina da lafiyarki, kina son yara. Idan kin ce kin fasa, ba zan ga laifinki ba ko kaɗan."

Ku gaya mini, wace irin zuciya ce za ta ji wannan ta yi shiru? Tawa. Na buɗe baki, farcen Mama ya ƙara nutsewa, Wenkai ya ɗago ya girgiza mini kai kaɗan, yadda ni kaɗai zan gani. Sai na ji muryar Mama, a natse, har da tausayi a ciki.

"Haba 'yar'uwa, share hawayenki. Mu ba irin mutanen nan ba ne. Yaron kirki muka gani, shi muke so. Ko ba haka ba, Tongtong?"

Goggo Kang ta fashe da kuka tana yi wa Mama godiya. Tana godiya! Ta fizge abin hannun da ƙarfi har fatarta ta yi ja, ta zura mini. Ban hana ta ba.

Sauran wuraren da na tsara, Hongyadong da hasumiyar Jiefangbei, babu wanda ya ƙara ambatonsu. Wenkai ya tare mota ya sa mahaifiyarsa a ciki. Kafin ya shiga na riƙo hannun rigarsa.

"Wenkai..."

"Ba yanzu ba."

A tamu motar Mama har 'yar waƙa take yi ƙasa-ƙasa.

"Yaron nan zinariya ne. Ko gaskiya ya faɗa ko ƙarya, mu dai mun tsira."

"Mama, kin ga fuskar matar nan kuwa?"

Ta daina waƙar. Ta kalli taga. "Shekara biyu ina ganin taki."



Da muka isa gida na shiga ɗaki na cire jar rigar, na zauna a bakin gado da abin hannun da ya yi mini nauyi kamar ankwa. Magariba ta kawo kai, ana ta soye-soye a gidajen maƙwabta. Na ɗauki waya na rubuta masa:

"Gaskiya ne, ko saboda ni ka faɗa?"

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace. Ta sake fitowa, ta ɓace. Sai can:

"Mamata ta kulle kanta a ɗaki tana magana da hoton babana. Kar ki tambaye ni yau."

Ban san wanne ya fi ba ni tsoro ba. Idan gaskiya ne, shi ma wata huɗu yana kallon idona yana ɓoye mini. Idan ƙarya ne, ya ɗora wa mahaifiyarsa laifin da ba ta yi ba, za ta ɗauke shi har kabarinta, kuma saboda ni.

Ina riƙe da wayar wani saƙon ya shigo. Na murya ne, daƙiƙa arba'in da ɗaya, daga Goggo Kang. Muryarta ta dushe, amma ta daina kuka.

"Yutong, 'yata, ni ce. Na yi tunani. Yanzu likitoci sun ci gaba, ana haɗa ɗa a asibiti a sa wa mace, na gani a talabijin. Tunda ke lafiyarki ƙalau, ba mu rasa komai ba tukuna. Na fasa komawa Jilin. Ke kin san garin nan ciki da waje, ki nemo mana babban likita. Jibi Litinin mu je mu uku, a duba shi, a duba ki, ni da kaina zan riƙe miki jaka. Kin ji, 'yata? Ki ce mini to, in samu in ci abinci."

Na saurara sau huɗu. Mama tana ƙwanƙwasa ƙofa wai in fito miya za ta huce. Ban tashi ba, na zo nan na rubuta muku.

Yanzun nan wani saƙon nata ya sake shigowa, na rubutu, kalma biyu:

"Ina jira."